Baƙin Allon Baba

Shekara talatin da biyar mahaifina ya yi yana koyarwa a makarantun firamare, yawancinsu a ƙauyukan fadama tsakanin Hadejia da Kirikasamma, in ban da 'yan shekarun da aka jefa shi wajen Birniwa, ya dawo yana ƙorafin ya manta ɗanɗanon kifi. Har bayan ya yi ritaya, in muka ratsa kasuwa tare sai wani mai furfura ya rusuna ya ce "Malam". Baba ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai ne mai ɗora sifili kan sifili in an ce ka rubuta takwas." Kuma shi ɗin ne.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko da faɗa zai yi mini. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na zauna a Hadejia. Ina aure a wata unguwa ba nisa da gidanmu, ina kuma aiki a wani ofis inda nake wuni ina buga takardun mutane a kwamfuta. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ƙanwarsa ce, gwaggona, ta dawo gidan tana kula da shi, suna faɗa kullum a kan gishirin miya.

Shekara biyu da rasuwar mahaifiyarmu, idonsa ya fara ba shi matsala. Na kai shi Kano wajen likitan ido, aka ce hawan jinin ido ne. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma sai dai a riƙa ɗiga magani don ya jinkirta tafiya. Baba ya tambaye shi, "Saura nawa?" kamar mai tambayar mintunan da suka rage a tashi daga aji. Likita ya ce wannan sai Allah.

A mota muna dawowa, mun yi rabin hanya, sai ya ce yana so ya rubuta abin da ya sani na fadama kafin idon ya rufe. Hanyoyin ruwan da kwalekwale ke bi kafin ciyawar kachalla ta toshe su, tafkunan da suka ƙafe da sunayensu, ƙauyukan da ambaliya ta tasa suka koma tudu, da makarantun da ya koyar, ɗaya bayan ɗaya yadda aka yi ta yi masa canji. Ya ce masu sanin waɗannan abubuwa sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage kuma ba su iya rubutu ba, kuma laifinsa ne tunda shi ya koyar da su.

Da biro ya fara. Bai je ko'ina ba, don ba ya ganin layukan takarda, sai rubutu ya hau kan rubutu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana dukan teburi a kan karkataccen layi, ka ga ba zai jure wannan ba. Sai na kawo masa tsohuwar kwamfutata ta hannu, na ƙara girman haruffa har layi takwas kawai ke shiga allon, na nuna masa madannai. Ya san keken rubutu tun yana hedimasta, saboda haka yatsunsa biyu ba su yi baƙunta ba.

Hasken ne ya hana. Farin shafin nan yana dukan idonsa, minti goma sai hawaye. Na rage hasken har ƙasa, sai haruffan suka ɓace masa. Ya sa baƙin gilashi, sai ya daina ganin madannai. Har gyalen gwaggo ya taɓa yafa wa allon, ta zo ta fizge abinta tana cewa ba don akwati ta saya ba. Ranar ƙarshe ya ture kwamfutar ya ce, "Uwata, wannan ba rubutu ba ne, tocila kika kawo a haska mini ido." Aka naɗe ta a zani aka ɗora kan kabad, ta yi wata guda a can. Ni kuwa ina ganin watan yana tafiya, ina kuma sanin idon yana tafiya tare da shi.

A ofis na samu maganin, ba tare da na nema ba. Na wuce ta bayan wata abokiyar aikina na ga allon kwamfutarta baƙi ƙirin, na ce mata sannu, ashe ta lalace. Ta yi dariya ta ce lafiyarta lau, ita ta mayar da ita haka don idonta ya huta. Ta nuna mini a saiti: wajen launi, a zaɓi duhu maimakon haske, sannan a shiga manhajar rubutu a sa shafin ma ya bi. Dannawa uku ko huɗu. Shekarata nawa ina cin abinci da kwamfuta ban san da wannan ba, kuma ban ji daɗin sanin cewa wata guda na idon Baba ya tafi a kan abin da bai kai minti ɗaya ba.

Ana tashi na wuce gidan Baba, na sauko da kwamfutar daga kabad, na yi yadda aka nuna mini, na ajiye a gabansa a rumfar tsakar gida. Shafi baƙi, haruffa farare.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa yatsa ya shafa allon, ya kawo yatsan kusa da idonsa ya duba.

"Da me kika shafe shi?" in ji shi.

Na fahimci tambayar, don na yi wannan aikin da hannuna ina yarinya. A ƙauyukan da muka zauna, allon aji yakan koɗe ya yi fari-fari har alli ya daina fitowa. Duk ranar Juma'a bayan an tashi, Baba yakan fasa tsofaffin batura, a daka baƙin cikinsu, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a shafe allon a bar shi ya bushe kafin Litinin. Hannuna yakan yi kwana biyu bai fita ba. Akwai shekarar da ruwa ya ci makarantar, abu na farko da ya sa a kwalekwale shi ne allon, kafin tukwanen mahaifiyarmu. Ta daɗe tana yi masa gori a kai. Ya jingina shi da bishiyar kuka a kan tudu, aka ci gaba da karatu.

"Ba batir, Baba," na ce. "Saiti ne."

"To Allah ya yi wa saiti albarka."

Ya gyara zama. Abu na farko da ya nema shi ne in nuna masa yadda zai sa kwanan wata a kusurwar dama ta sama, da yadda ake ja wa kan magana layi a ƙasa. Ya rubuta, ya ja layin, ya jingina yana dubawa. Idon bai yi hawaye ba. Gwaggo ta leƙo daga madafa ta ce to, an koma makaranta, Allah ya ji ƙan yara.

Darasin da na ba shi gajere ne, kuma ina tuna shi kalma-kalma saboda na sha maimaita shi a raina. Na ce ya rubuta duk abin da yake so, kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, tana riƙe komai. In ya gama aikin ranar, ya danna waɗannan madannai biyu tare don a adana, sannan ya rufe.

"Tana riƙewa, kika ce?"

"Ta fi duk ɗaliban da ka koyar."

"Wannan ba wani yabo ba ne," in ji shi.

Haka aka yi sati uku. Da safe in biyo in ɗiga masa magani, in jona kwamfutar da sola, in wuce ofis. Da yamma in na biyo, yawanci na tarar ta a rufe, an lulluɓe ta da zani. In ce, "Baba, aiki yana tafiya?" Ya ce, "Yana tafiya." Gwaggo ta ce mini da hantsi yake zama, sai ya yi wanka ya sa hula, kamar mai jiran sifeto. Ta kuma ja ni gefe ta ce, "Ki lura da ubanki, ya fara magana da akwatin nan. Sai ya yi shiru, can ki ji ya ce, 'An gama?' Ba kowa a wajen, sai kaji." Na yi dariya na ce tsufa ne da shauƙin aiki.

Wata Laraba na biyo da la'asar ɗaukar kular abinci, na same shi bai tashi ba. Allon cike da rubutu, shi kuma ya harɗe hannuwa yana zaune. Ya ce, "Uwata, zo ki duba mini wannan." Mai adaidaita yana jirana a ƙofar gida yana ta danna oda. Na ce, "Baba, gobe in sha Allahu, yau ina sauri." Ya ce ba komai. Gobe ta zo ban tuna ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba.

Gaskiyar magana, a sati ukun nan ban karanta ko layi ɗaya ba. Na gaji da haruffa kafin in baro ofis, na kuma ce wa kaina zan karanta gaba ɗaya in an buga a takarda. Amma ban gaji da ba da labari ba. Duk ofis sun ji yadda na mayar wa mahaifina kwamfuta baƙin allo, har ana ce mini mai dabara, ina karɓa.

Ranar Asabar ta uku na zo da niyyar kwashe rubutun in buga masa. Na buɗe fayil ɗin. Baƙi ƙirin, ba ko harafi, sai ɗan farin sandan nan yana ƙyaftawa a sama. Na rufe na sake buɗewa. Na duba ko ya ajiye da wani suna, na duba kwandon shara, na duba ko'ina. Babu. Na fara zargin kwamfutar, na fara zargin sola, har gwaggo na zarga a raina.

"Baba, nuna mini yadda kake yi. Tun daga farko."

Ya karɓa ba tare da damuwa ba. Ya sa kwanan wata a dama. Ya rubuta kan magana ya ja layi. Ya shiga bayanin wata mashigar ruwa da ake kama kifin gaiwa in ruwa ya janye, yatsa biyu, a hankali, har layi takwas suka cika. Sai ya ɗauke hannu ya harɗe a ƙirji. Ya jira kamar minti biyar yana kallon sama. Sannan ya ce, "An gama?" Ya ɗan saurara, ya ɗora yatsa a kan madannin gogewa, ya danne shi. Ina tsaye ina kallo haruffan suna ja da baya ɗaya bayan ɗaya, har allon ya koma wayam.

"Baba! Me ka yi?"

"Allo ya cika."

"Ba ya cika! Gangarawa yake yi, shafi yana bin shafi!"

"Ke kika ce tana riƙewa. Ina ba ta lokacin kwafa, fiye ma da yadda nake ba 'yan aji huɗu."

"In ka gama fa? Da yamma?"

"In goge, in danna madannanki biyu, in rufe. Malami ba ya fita ya bar allo da rubutu."

Na zauna a kan turmi. Kullum yana adanawa kamar yadda na koya masa, bai taɓa tsallake rana ba. Wankakken allo yake adanawa a kan wankakken allo. Lokacin da shafin yake fari bai taɓa kai ƙarshensa ba saboda hawaye, shi ya sa ban taɓa nuna masa abin da ke faruwa in ya cika ba. Kuma da farin ne, da bai goge ba, don takarda ce a wurinsa, ba a kuwa goge takarda. Ni na mayar masa da ita allo, shi kuma ya yi mata abin da ake yi wa allo.

Na ɗaga masa murya ranar, abin da ban taɓa yi ba. Na ce sati uku, Baba, sati uku na idonka. Na yi kuka, na haushi da na tsoro. Na kai kwamfutar wajen masu gyara, suka yi iya ƙoƙarinsu suka ce abin da aka goge aka kuma adana a kansa sau ashirin ba ya dawowa.

Da na mayar da ita na faɗa masa, bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce laifinsa ne, malamin da bai yi tambaya ba ya fi ɗalibi laifi. Na fara jin sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, cikin muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa, "Sai dai, uwata, da kin tsaya kin karanta layi ɗaya ran farko, da ran farko kin gani. Sifeto ma, da duk lalacinsa, yakan leƙo aji sau ɗaya a zango."



Na nuna masa yadda shafi ke gangarawa, ya gane nan take, ba mutum ne mai wuyar koyo ba. Ya yi kwana biyu yana rubutu ba gogewa. Rana ta uku na tarar ya rufe tun kafin azahar. Ya ce hannun ba ya gudu. Da can yana ganin kamar akwai mai kwafa, yanzu na faɗa masa babu, sai dai a yi ta tarawa kamar buhuna a rumbu. "Ban san wa nake yi wa ba," in ji shi.

Washegari na nemi alfarma a ofis a riƙa sallamata da wuri. Na sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da biro biyu. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gefen kujerarsa na zauna. Ya dube ni, ya dubi littafin, sai ya aika gwaggo ta ɗauko masa hula.

Ya cika allo, na kwafa. Ya ce, "An gama?" Na ce, "An gama, Malam." Ya goge.

Maigidana ya ce wannan wahalar banza ce, in ɗauki hoton allon da waya mana. Na gwada sau ɗaya. Baba ya ji ƙarar ya ce ba a satar amsa a ajinsa, na mayar da wayar jaka. In mun tashi sai ya sa in karanta masa abin da na kwafa, ya gyara mini. Ni da nake buga takardun manya, ashe ban san inda ake raba wasu kalmomi ba. Gwaggo takan zauna nesa tana tsince shinkafa, ta jefo gyara: ba a wannan shekarar kada ya kama akuyar maigari ba, shekarar da ta biyo ce. Su yi ta musu ni ina jira da biro a hannu.

Kusan duk abin da ya ɓata ya dawo, wasu ma ya ce sun fi na farko. Na san yanzu ta ina kwalekwale ke bi daga bayan gari ya ɓulla gabas ba tare da an sauke kaya ba, na san tafkin da ba a sa masa komar kamun kifi sai an yi shela, na san ƙauyen da ya tashi sau uku yana tafiya da sunansa. Wurare ne da nake wucewa a mota ina ganin kachalla kawai.

Amma da muka zo jerin makarantu, sai na ga ya tashi daga ta farko ya faɗa ta uku. Na san ta biyu. A ƙauyen ne ya ga mahaifiyarmu, 'yar masunta, kuma iyakar abin da muka sani ke nan, don ba mutum ne mai irin wannan hira da 'ya'yansa ba, ita ma haka.

"Malam, an tsallake ɗaya."

"Wannan na riga na yi shi," ya ce, ya ci gaba da rubutu.

Gwaggo ce ta ba ni sauran a madafa. Ta ce akwai ranar da ya zauna tun hantsi bai tashi ba sai don salla, abinci ya huce a gefensa. Ya cika allon ya goge ya fi sau goma, kuma ranar ba ta ji ya ce "An gama?" ba ko sau ɗaya. Allo na ƙarshe ya bar shi ya daɗe bai goge ba. "Ranar da kika zo ɗaukar kula," in ji ta. "Kina ta sauri."

Yanzu idon ya kai inda likita ya ce zai kai. Baba yana bambanta rana da inuwa, shi ke nan. Mun samu littafi shida kafin nan, kuma ya ce abin da ya rage ba shi da yawa, yana iya faɗa da baki. Kwamfutar ta dawo hannuna, ban mayar da ita fari ba. Da ita nake buga littattafan shida, kuma tsakanin makaranta ta farko da ta uku na bar shafi ɗaya ba komai.

Kwanan baya ina ɗiga masa magani, wanda har yanzu bai yarda a daina ba, na sake roƙonsa. Na ce ba sai ya rubuta ba, ya faɗa kawai ni in rubuta. Ya girgiza kai, ba da fushi ba.

"Na rubuta shi sau ɗaya, kuma ya yi kyau. Ba zai sake fitowa haka ba. Ranar ba wanda ya zo aji, shi ke nan."

Na rufe kwalbar maganin. Can na ce, "To ko layin farko, Baba. Me ka fara rubutawa?"

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Kwanan wata mana, uwata. Me ake fara rubutawa a allo?"